Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya tare a bayan gari

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Argungu lafiya lau, sai zafi. Labarin tarewarku a sabon gida can bayan garin Birnin Kebbi, hanyar Kalgo, ya iske ni, na yi murna ƙwarai. Allah Ya sanya albarka, Ya sa kun shiga a sa'a. Ka huta da mai gidan haya, saura ka koyi zaman wurin.

Unguwarku ba irin tamu ba ce. Mu a nan maƙwabta gadonsu muka yi, kakanka da kakansu tare suka yi noma a fadama. Can kuwa, kafin 1991 da aka cire Kebbi daga jihar Sakkwato aka mai da Birnin Kebbi hedikwata, galibin wuraren nan gonakin gero da dawa ne. Ma'aikata suka cika gari, aka yanka filaye, unguwanni irin su Gesse da Badariya da Gwadangaji suka bunƙasa, da jami'ar tarayya ta zo a 2013 gini ya ƙara miƙawa wajenku. Don haka kowa baƙo ne. Wannan daga Zuru, wancan daga Yawuri, ga Bazabarme daga wajen Kamba, wani ma daga kudu. Kowa ya ja katanga mai tsawo, ya kafa ƙyauren ƙarfe, ya fita da sassafe sai dare. Zaure ma kun daina ginawa, wai cin fili ne, mota ta gaje wurinsa.

To, kada ka jira a zo maka, kai za ka fara. Ka bi gidajen layinku ɗaya bayan ɗaya ka yi sallama, har gidan wanda ba addininku ɗaya ba, ka karɓi lambarsu su karɓi taka. Asuba da isha'i kada su wuce ka a masallacin unguwa, ko da rumfar kwano ce, don a nan ake sanin wa ya yi tafiya, wa ke kwance. Ranar da ciwo ya tasar wa yaro ƙarfe biyun dare, babu kabu-kabu, ga asibitin Sir Yahaya can cikin gari, ƙofar maƙwabci za ka buga. Da nauyi ka buga ƙofar wanda ba ka taɓa gaisarwa ba.

In an zo karo-karon gyaran taransifoma ko kuɗin 'yan sintiri, ka bayar ba tare da an yi ta maka sintiri ba. Na ji ka haƙa burtsatse ka sa sola. Ka fitar da famfo ɗaya bayan katanga, ka sa lokaci safe da yamma. Asalin mutanen ƙauyen da kuka zauna a gonakinsu suna nan gefenku, su suka san wurin, su za su fara ganin baƙuwar fuska.

Kangayen da ke kewaye da ku ka sa musu ido. Ka san mai kwana a ciki, ku riƙa sare ciyawa saboda macizai, yara kuma kada su mai da su wurin wasa. Kafin watan Agusta ka duba ta inda ruwa ke bi, domin gona ba ta manta hanyar ruwanta don an ɗora mata bulo. Ku haɗu ku fitar da magudana tun rani.

Batun takarda kuma, ta dillali da sa hannun mai unguwa ba su isa ba. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, saboda haka ka nemi takardar mallaka ta gwamnati, ko da za ta ci lokaci.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matarka. Ta tashi a gida mai cike da mutane, yanzu tana wuni ita da bango. Kada ka ce kulle ya hana ta shiga barka da gaisuwar rasuwa a layi. Yara ka sa su Islamiyyar unguwa, su san sa'anninsu, su iya gaida manya.

Innarka ta ba direba shinkafa da busasshen kifi, za su iso ranar Juma'a. Ta ce kifin rabi naku ne, rabi a raba wa maƙwabta. Tana gaishe ku, a shafa mana kan yara.

Wassalam,
Mahaifinka