Wasiƙa kan Albert Jacka, sojan ƙasa na Ostireliya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambaye ni labarin Albert Jacka na Bataliya ta 14, wanda ya fara samo wa Ostireliya lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya da ƙasashenta, a Yaƙin Duniya na Farko. Ana yawan yabon jarumtarsa, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake nazarin fili kafin ya motsa.

Dubi abin da ya faru a Courtney's Post, wani ramin tsaron sojojin Ostireliya a Gallipoli ta Turkiyya, ranar 19 ga Mayu 1915. Ramin yaƙi ba a haƙa shi a miƙe, lanƙwasa-lanƙwasa ake yi masa don kada harsashi ko tarkacen gurneti su share shi gaba ɗaya. Illar hakan ita ce, idan abokan gaba suka kama lungu ɗaya, duk wanda ya leƙo ta kwana sai ya sha harsashi. Turkawa sun kama irin wannan lungu, aka gwada shiga ta gaba, aka jikkata mutane. Jacka, yana las kofur a lokacin, ya sa 'yan uwansa su riƙa jifa da gurneti ta gefe ɗaya don ɗauke hankalin Turkawan. Shi kuma ya haye waje, ya zagaya ta buɗaɗɗen fili, ya diro musu ta baya. Ya harbe biyar, ya soke biyu da wuƙar bakin bindiga.

A Pozières ta Faransa, a Agustan 1916, ya sami lambar jarumta ta Military Cross bayan ya afka wa Jamusawan da ke kora fursunonin Ostireliya, shi da mutane ƙalilan. Ya fito da raunuka da yawa.

Bullecourt ta Faransa, a Afrilun 1917, ita ce ke ci mini rai. Jacka ne jami'in leƙen asirin bataliya. Ya rarrafa da dare har gaban layin Hindenburg, wato ramukan tsaron Jamusawa, ya ga igwa ba ta tsinke wayar ƙaya ba, ya kai rahoto. Duk da haka Janar Gough, babban kwamandan Birtaniya da ke bisa kansu, ya amince tankoki 12 su maye gurbin ruwan igwa, su take wayar. Jacka ya shimfiɗa farin zare a ƙasa don sojoji su san inda za su jeru cikin duhu, har ya kama Jamusawa biyu da suka yi kiciɓis da aikin. Ran 10 ga wata tankokin ba su iso ba, mutane suka kwanta cikin dusar ƙanƙara a banza, aka janye su. Washegari da aka kai harin, yawancin tankokin suka lalace ko aka harbe su. Sojoji suka kutsa wayar da ƙafa, suka kama ramukan, amma aka hana su taimakon igwa saboda rahoton kuskure cewa sun yi nisa gaba. Harsashi da gurneti suka ƙare. Birged ta 4, wadda bataliyar Jacka ke cikinta, ta rasa sama da mutum 2,300 cikin kusan 3,000.

Ya rubuta rahoto mai zafi kan tankokin, manya suka danne shi. An ƙara masa Military Cross ta biyu, amma bai wuce kyaftin ba. Iskar guba ta fitar da shi daga yaƙi a Mayun 1918. Ya zama magajin garin St Kilda da ke Melbourne, ya rasu a Janairun 1932 yana da shekara 39.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Amininka