Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Wasanni Ta Ƙasa, Malam Shehu Dikko

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

An sa hannu a dokar hana shan ƙwayoyi a wasanni a 2025, an yi ta tafi. Madalla. To a kan wa za ta hau?

Na san ba ka manta da Tokyo ba. 'Yan wasanmu goma aka hana shiga fili a gasar Olamfik a 2021, alhali ba a ce an ga komai a fitsarinsu ba. Abin da ya faru shi ne ba a cika musu gwajin ba-zata sau uku da ƙa'ida ta gindaya kafin gasar ba. Aikin wa ke nan? Na masu ofis. Yara suka ɗaga kwalaye suna zanga-zanga a ƙasar mutane, mu dai har yau ba mu ji sunan jami'in da aka sallama ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ta ce duk abin da aka gani a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ya sani ko bai sani ba. Ba ni da ja. Dakatarwar shekara 11 da aka yanke wa 'yar tserenmu Blessing Okagbare, ita ta jawo wa kanta. Amma kowa ya ga yadda dokar nan ke yin laushi idan manyan lauyoyi suka hallara. Jannik Sinner, zakaran tanis, an samu haramtaccen sinadari a jikinsa a 2024, ya ce daga hannun mai yi masa tausa ne, aka daidaita a kan dakatarwar wata uku. 'Yar tserenmu Tobi Amusan ma, da aka tuhuma da kauce wa gwajin ba-zata, sai da shari'arta ta kai kotun wasanni da ke Suwizalan, kuma ta yi nasara. Na taya ta murna ƙwarai.

Yanzu ɗauki yaro daga Tudun Wada mai atisaye a Dandalin Murtala. Gwiwa ta kumbura, ya je kemis, a ƙulla masa ƙwayoyi a farar leda, babu suna babu takarda. Wa ya taɓa gaya masa cewa tun Janairun 2024 an haramta tiramadol a lokacin gasa? Ranar da aka kama shi, bai ma san yana da haƙƙin neman a buɗe kwalbar fitsarinsa ta biyu don a sake gwaji ba, balle kuɗin lauya. Shekarun ƙuruciyarsa sun tafi ke nan.

Don Allah, Malam, a ware lauyan kyauta ga duk ɗan wasan da aka tuhuma. Jerin magungunan da aka haramta a fitar da shi da Hausa, a karanta a rediyo. Sannan a rubuta, ƙarara, hukuncin jami'in da sakacinsa ya hana yaro gasa. Wannan na ƙarshen nake jira in gani.

Naka,
Mai horar da yara, Kaduna.