Wasiƙa daga Konyak, Faransa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Ka tambaya ko barasar da ake yi a garin nan irin burkutu ce. A'a, ta fi kama da ogogoro, sai dai da inabi ake yinta maimakon bammi, kuma ba ta amsa sunan Konyak sai in a yankin kogin Sharant aka yi ta. Tun 1909 hukuma ta shata iyakar.

Wajen ƙarshen Satumba ake fara tsinkar farin inabi, a matse, a bar ruwan ya tashi. Giyar da ke fitowa mai tsami ce, ƙarfinta wajen kashi 9 cikin ɗari, ba mai son shan ta haka. Ba a zuba mata sulfa don adanawa, don wuta za ta tattara warinsa, shi ya sa ake gaggawa: doka ta ce a gama dafawa zuwa 31 ga Maris.

Sau biyu ake dafa ta a tukunyar jan ƙarfe, tururin ya bi murɗaɗɗen bututu cikin ruwan sanyi ya koma ruwa. Dafuwar farko tana ba da kamar kashi 30, ta biyu wajen 70. Abin da ya fara ɗigowa yana da yaji, na ƙarshe kuma nauyi, sai a ware su a ɗauki na tsakiya. Mai dafawa da hanci yake gane lokacin.

Fara ce kamar ruwa sa'ad da ta shiga ganga. Launi da wani ɓangare na ƙamshin na katakon gangar ne, itacen da Faransawa ke kira shen (oak a Turance), daga dazukan Limuzan ko Toronse na Faransa. Katakon kan sha rana da ruwan sama kamar shekara uku kafin a haɗa shi, in ba haka ba ɗacinsa ya shige cikin barasar. Sabuwar ganga ma in aka daɗe a ciki ɗaci take sa wa, sai a juye a tsohuwa. Shekara 2 ne mafi ƙarancin zamanta a ganga. Wadda aka rubuta wa VSOP a kwalba aƙalla shekara 4, mai XO kuma 10.

Duk shekara wajen kashi 2 kan bi iska, su kuma suna cewa rabon mala'iku ne (Allah ya shirye su). Wannan tururin ne ke ciyar da baƙin funfuna, har bangon rumbunan ya yi kamar na madafa.

Kudu da mu, a yankin Armanyak da su ma ke yin barasar inabi, yawanci sau ɗaya suke dafawa.

A gaida Inna da kyau, a ce mata sanyi ya fara.

Ƙaninka.