Zuwa ga Abba, a Tianjin, ƙasar Sin

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin garin naku? Ummanku ta ce in tambaye ka ko yajin da kilishin sun iso, don ka yi shiru a kansu.

Hotunan makarantar sakandaren Nankai da ka turo na gani. Ƙanwarka ta buɗe min su a waya, ni kuwa ina ta jan su da yatsa ina ƙara musu girma har aka kira la'asar. Na ga tsohon ginin bulo, na ga ajin da Zhou Enlai, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar, ya zauna. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne madubin bakin ƙofa da rubutun da ka fassara min: fuska a wanke, gashi a gyare, maɓalli a rufe, baya a miƙe. Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa bakin ƙofar makaranta da bulala ina duba farce da wuyan riga, ashe wasu madubi suka ɗora wa aikin.

To amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Gwaggonka ta zo ranar Juma'a, ta ce ka faɗa wa ɗanta in ka gama digirin nan ba ka ga abin da za ka dawo yi ba. Wai ka ce wanda ya ga irin wannan makaranta ba zai iya tsayawa a ajin da iska ta yaye wa rufi ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ban faɗa wa Ummanku ba, ka san hawan jininta.

Kai ka rubuto min tarihin makarantar, amma ina ga da ido ka karanta shi, bai shiga zuciya ba. Zhang Boling, shugabanta na farko, sojan ruwa ne. A 1898 a tashar jiragen ruwa ta Weihaiwei yana tsaye aka sauke tutar Japan aka ɗaga ta ƙasarsa, kafin a je ko'ina aka sauke tasu aka ɗaga ta Ingila. Takaicin nan ne ya sa ya tuɓe kaki ya kama alli. Makarantar da kake yi wa kallon aljannar duniya, a cikin gidan Yan Xiu, wanda suka kafa ta tare, aka buɗe ta a 1904, kamar yadda ake buɗe Islamiyya a zaure. Filin da suka koma daga baya kwari ne mai riƙe ruwa a kudancin gari, daga nan ma sunan ya samo asali. A 1937 Japan ta yi mata ruwan bama-bamai, amma karatu bai tsaya ba, don tun 1936 Zhang Boling ya kafa wata a birnin Chongqing. Sai a 1952 ta Tianjin ɗin ta koma hannun gwamnati.

Ka lura da wannan. Zhang Boling ya je Amurka a 1917, ya ga makarantun da suka fi tasa nesa ba kusa ba, ya dawo, aka buɗe jami'ar da kake ciki yanzu a 1919. Zhou Enlai ya gama a 1917, ya je Japan, ya je Faransa, ya dawo gida a lokacin da gidan ba ya zaunuwa. Da su ma sun ce ba su ga abin da za su dawo yi ba, me za ka ɗauka a hoto ka turo min?

Ajin da kake rainawa, a irinsa ka koyi baƙi. Da hannuna nake fasa tsohon batir in shafe allo da baƙinsa don alli ya fito, yara tamanin a ƙasa a kan buhu, kai kana layin gaba da hancinka yana yoyo. Yau kai ne ajin ya yi wa kaɗan? Na sayar da gonar bakin rafi, baffanninka har gobe ba su daina yi min gori ba. Ban sayar don in yi wa ƙasar Sin kyautar ɗa ba. Na san kana riƙe da ni a kan maganar shekarar nan da na hana ka, har yanzu kuma ina ganin daidai na yi. Amma ka tuna da kawunka. Shi ma da zai tafi shekara biyu ya ce zai yi. Kakarka ta rasu tana sa a share masa ɗaki duk sallah. Ba zan iya kallon Ummanku tana share naka ba, Abba. Wallahi ba zan iya ba.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Ban ce ka dawo ka ɗauki albashin da na ɗauka ba, na san abin da ya yi min. Ka gama karatunka a natse, in ma aikin shekara ɗaya ne ka yi, ka shiga ajinsu ka ga yadda suke koyar da lissafi, ka rubuta komai. Amma ka faɗa min shekarar dawowa da bakinka, kada in riƙa ji a bakin Gwaggo.

Ka riƙe sallah, ka daure da zuwa Juma'a ko da nisa. Ranar Lahadi bayan isha'inku ka kira, zan fita ƙofar gida in ɗauka don kada ta ji. In ka sake zuwa makarantar, ka auno min tsawon madubin da faɗinsa, hedimasta na yanzu ɗalibina ne.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka