Wasiƙa zuwa Jidda: maganar filin bayan gidana

Kumbotso, Kano
Daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zafin Jidda? Mu nan damina ta kankama, alhamdu lillahi.

Saƙon muryarka ya iso tun daren Alhamis. Na ga amsar ta fi ƙarfin minti biyu a waya, shi ya sa na zauna rubutu. Ka ce in yi maza in biya kuɗin filin nan na bayan gidana kafin wani ya riga mu, kai kuma ka turo mini daga baya. To, ban biya ba. Ka daure ka karanta zuwa ƙarshe kafin ka yi mini faɗa.

Filin awon igiya ne. Gonar gado ce magada suka yayyanka ƙafa 50 da 50, dillalai suka shiga tsakani. Abin da ke hannun mai shi takardar ciniki ce kawai, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Ba na raina wannan, don nawa gidan ma haka na saye shi, kuma rabin unguwar nan haka take. Amma ka san tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni amana ce a hannun gwamna, takardar da hukuma ke kallo ita ce shaidar mallaka, wadda ake ce wa C of O. A KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ake duba ko wuri yana da rajista ko an taɓa ba wani shi, kuma kafin ka ɗora bulo ɗaya sai KNUPDA, hukumar tsara birane, ta amince da zanen gininka. A da mutane suna yi wa wannan riƙon sakainar kashi. Tun rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 kowa ya shiga taitayinsa, ko jan fenti aka gani a jikin katanga sai hantar mai gida ta kaɗa.

Duk wannan ma da sauƙi, takarda ana iya binta. Abin da ya tsayar da ni shi ne abin da na gani da idona ranar Juma'a. Bayan an ɗauke ruwa, wajen la'asar, na naɗe wando na zagaya. Ashe duk ruwan layuka ukun da ke sama da mu a nan yake tarewa. Na tsaya daidai inda dillali ya nuna mini wai nan ƙofar gida za ta kasance, ruwa ya kusa gwiwata, ga ledojin fiya wata suna yawo, yara har sun fara kamun talibambam. Da rani ya kai ni wurin, ƙasa a bushe ƙamas, shi ya sa na yaba maka shi. Laifina ne, na karɓa. Sannan lungun da aka bari, ko a daidaita sahu da ƙyar zai shiga, balle motar yashi. Masu awon igiya ba sa son barin hanya, kowane taku kuɗi ne a wurinsu.

Tunda ka ce iyali za ka fara turowa, bari in gaya maka yadda zaman yake, don kada uwargida ta zo tana neman abin da ta saba da shi can. Ruwan famfo bai iso layinmu ba. Abin dariya, matatar Challawa tana nan kusa da mu ta wajen Panshekara, amma gari ya fi bututu sauri. 'Yan garuwa muke saye wa, jarka mai lita 25, wanda Allah ya hore wa kuma ya haƙa burtsatse. Ka sa kuɗin burtsatse da sola cikin lissafin gini tun yanzu.

Wuta kuwa an kasa ta rukuni-rukuni. Waɗanda ke Band A, da aka ce za a ba su aƙalla awa 20 a rana, a watan Afrilun 2024 aka mayar musu da yunit ɗaya naira 225, daga baya aka ɗan rage. Mu ba ma cikinsu, don haka namu kuɗin da sauƙi, wutar ma da sauƙi. Ka nemi mita mai kati tun ranar farko, kada ka yarda da bil na ƙiyasi.

Ka riƙe Asabar ɗin ƙarshen wata: tsaftar muhalli ce, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba a zirga-zirga. Ni da nake ba ka shawara, watan jiya na manta shaf, na fito da sassafe zan je ɗaurin aure, na faɗa hannun kotun tafi-da-gidanka. Ga babbar riga ta sha guga, ga ni tsaye a bakin titi ina ba da haƙuri. Na biya tara, ɗaurin aure kuma sai dabino na tarar. Shara aikin hukumar kwashe shara, REMASAB, ne a manyan wuraren tarawa, amma daga ƙofar gidanka zuwa can, yaran da ke zagayawa da baro ake ba wa ɗan wani abu. A titi kuma 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, na nan, ka kiyaye fitila da ajiye mota barkatai. Kada ka ce za ka tsayar da ɗan acaɓa yadda muka saba lokacin muna makaranta, tun Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni.

Amma in gaya maka gaskiya, abin da ke riƙe da unguwar nan kwamitinmu ne. Duk Lahadin farkon wata muna zama a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, mai unguwa a kan kujerarsa ta roba, ma'aji da tsohon littafinsa mai baƙin bango. Kowane gida yana ba da na 'yan sintiri. Da taransifoma ta ƙone bara, karo-karo muka yi. Kwalbatin bakin layi ma da aikin gayya muka zuba ta, ni aka ba wa cebur, kwana uku ina jin bayana. Baƙo idan ya tare, wurin mai unguwa ake fara kai shi ya gabatar da kansa, ko haya ya kama. Wanda ya tsallake wannan, ranar da rigimar iyaka ta taso zai rasa mai tsaya masa. Mutane sun yi ta murna da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mu dai ma'ajinmu bai rufe littafinsa ba.

Akwai wani fili a kan tudu, layi biyu gaba da mu, awon gwamnati ne, ƙafa 50 da 100. Ya kusa ninka wancan a kuɗi. Na karɓi hoton takardarsa, ranar Talata in sha Allahu zan kai a duba mini lambar. Idan ta fito daidai zan kira ka, mu yi magana da mai shi kana ji. Kafin nan zan jira a sake yin ruwa mai ƙarfi, in je in tsaya a kansa shi ma.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce ba ta manta da alkawarin zamzam ba. Ka shafa mini kan yara. Idan ka shiga Makka ka sa mu a addu'a.

Naka,
amininka na Kumbotso