Wasiƙa daga Zariya: zanen da ka aiko ya iso

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ɗawainiyar karatu. Yaya sanyin Istanbul? Mu nan hunturu ya ja baya, zafin bazara ya fara leƙowa. Kowa ƙalau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso hannuna ranar Laraba. Yaron da ka ba ya kawo shi har gida Tudun Wada, kwalin bai ko lanƙwashe ba. Na gode, Allah ya bar zumunci. Dabinon da turaren dai maman yara ta karɓe. Ni kuwa zanen bishiyar nan ne ya hana ni barci da wuri.

Ka ce can suna kiranta servi, Larabawa su ce sarwu, Turawan Ingila kuma saifiras. Da na warware takardar, kallon farko na ɗauka irin dogayen itatuwan nan ne da ake jerawa jikin katanga a gidajen GRA. Sai da na ɗauko gilashin ƙara girma na ga ashe ba su haɗa komai ba. Waɗancan daga Indiya suke, ganyensu dogo ne mai lilo. Ita wannan ganyenta bai wuce ƙwayar gero ba, kowanne ya kwanta a kan ɗan'uwansa ya manne wa reshe, kai ka ce kitso aka yi mata. Na ƙirga abin da mai zanen ya jera a shafi ɗaya: bishiyar a tsaye daga nesa, siririya kamar mashi, reshe guda a girmansa na gaskiya, ƙananan ƙulluna na namiji a bakin reshe masu zubar da garin da ke sa macen ta yi iri, ƙwallon macen yana kore a rufe, shi kuma bayan ya bushe ya tsage, sai ƙwayar iri da ɗan fiffikenta. Namijin da macen duk a jikin uwa ɗaya suke fita, kuma ƙwallon yakan kai kusan shekara biyu kafin ya nuna. Ka ga mai zanen ba a rana ɗaya ya ga waɗannan ba. Ya yi ta komawa ne, ya tara abin da ido ya gani a lokuta daban-daban ya ajiye maka wuri guda. Kyamarar waya ba ta yin haka, abin da ta tarar shi take ba ka.

A ƙasan shafin an rubuta Cupressus sempervirens, da harafin L a gefe. L ɗin nan Linnaeus ne, masanin ƙasar Suwidin da ya yi mata rajista da wannan suna a 1753. Kalmar ta biyu ma'anarta "kullum kore". Dalilin bai da wuya: ƙasashen bakin Bahar Rum ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuma fari ne, to ƙanƙanen ganye mai kauri ba ya asarar ruwa, ba ta da buƙatar zubar da shi gaba ɗaya. Ina karanta haka sai gawo ya faɗo mini a rai, namu mai nasa tsarin, da yake tuɓe ganye da damina ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abin ci.

Abin da ka faɗa na maƙabartun can, cewa ana dasa ta a cikinsu, shi ma ya tsaya mini. Tun zamanin Rumawa ake danganta ta da makoki, ana cewa don in an sare ta ba ta sake toho daga kututture. Dogon yaro kuwa ka san halinsa, ka datse yau, kafin damina ta fita ya dawo. A Iran ita ce ma'aunin kyawun tsayuwa a waƙoƙinsu, suna saƙa ta a darduma, kuma a garin Abarku akwai guda da ake ƙiyasta ta haura shekara 4,000. Na kuma san Van Gogh, shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, ya zana ta a kudancin Faransa a 1889, tana murɗewa sama kamar baƙin harshen wuta. Nasa yana da kyau, ba musu, amma abin da zuciyarsa ta ji ya zana. Da naka zanen za ka iya shiga daji ka nuna bishiyar ka ce ga ta.

To ga abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa. Ka tuna rimin nan na bayan gidan kakanka, wanda muke ɓuya a tsakanin saiwoyinsa in an aike mu? An sare shi watan jiya, za a gina shaguna. Kwana uku ana jin ƙarar inji. Na je bayan la'asar na tarar da kututturen, faɗinsa ya isa mutum biyar su zauna, audugar ƙwallayen da ba su gama nuna ba a warwatse cikin ƙura. Wallahi sai da na share hawaye. Mu da ake cewa rimi adon gari, mu da unguwanninmu ke amsa sunansa, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, ban taɓa ganin rimi a takarda yadda aka yi wa sarwu ɗin nan ba. A garin nan fa Jami'ar Ahmadu Bello take, da sashen zane-zanen da ya yi suna tun zamanin ƙungiyar masu zane da ɗalibai suka kafa a 1958, ga kuma masana tsirrai a Samaru. Yaran da nake koyarwa kuwa, da na ce su zana ganyen rimi, rabinsu ganyen mangwaro suka zana.

Saboda haka na fara da kaina. Na sayi fensir da farar takarda a Sabon Gari, ranar Asabar na fita wajen Ƙofar Gayan na samo ƙwallo biyu, ɗaya a rufe ɗaya ya fashe. Na tsaga rufaffen da reza: ɗaki biyar ne a ciki, baƙaƙen 'ya'ya kwance cikin auduga, irin wadda ake cusa wa matashi da lifidin doki. Shekara hamsin ina wucewa ƙarƙashin rimi ban san haka ba. Furen ya riga ya wuce ni, da dare yake buɗewa jemagu su yi ta shawagi a kansa, sai in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa. Ganye kuma ina jiran sabon toho. Auta ce ke riƙe mini gilashin, har ta fara nata a bayan littafin lissafi.

Ina da roƙo guda. In ka samu sarari ka shiga maƙabartar da ka ambata, ka yi wa mamatan addu'a, sannan ka tsinto mini busasshen ƙwallo ɗaya a ƙasa, ka auna shi da rula ka ɗauko hotonsa kusa-kusa. Ina so in gwada shi da na takarda in ga yadda mai zanen ya bi da inuwar tsagogin, don nan ne hannuna ke kakarewa. Ni kuma da zarar na gama shafin rimin, kai zan fara aika wa.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana tambayarka kullum, ta ce ko da babbar salla za a gan ka.

Wassalam,
Naka har kullum,
amininka na Tudun Wada, Zariya