Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato: A Saurari Masu Zuwa Ƙananan Asibitoci Da Masu Aiki A Cikinsu

Mai Girma Gwamna, Alhaji Ahmed Aliyu Sokoto,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya taimake ka a kan nauyin jama'a da Ya ɗora maka, na rubuto ne game da ƙananan asibitocinmu da ke warwatse a mazaɓu 244 na ƙananan hukumomi 23 na wannan jiha. A nan ne talaka yake fara kai kukansa idan zazzaɓin damina ya kama ɗansa, ko sanƙarau ya ɓulla lokacin zafi, tun kafin ya yi tunanin Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Roƙona shi ne gwamnati ta kafa tsayayyar hanya ta jin ta bakin masu zuwa waɗannan wurare da kuma ma'aikatan da ke kwana a cikinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranka ya daɗe, akwatin shawara da ake kafawa a bango ba zai yi mana wannan aiki ba. Mafi yawan masu zama a kan bencin asibitin ƙauye mata ne da suka zo awon ciki ko allurar rigakafin yara, da yawansu kuwa ba sa rubutun boko. Wadda ta iya ma, kunya da tsoro suna hana ta, saboda ma'aikacin da za ta yi kuka da shi shi ne za ta koma wa gobe idan naƙuda ta taso, babu wani a kusa. Don haka sai ta yi shiru, ta koma kantin magani ko wurin ungozoma, gwamnati kuma ta ɗauka shirun nan gamsuwa ce. Abin da ya dace shi ne a tura mata amintattu, waɗanda ba ma'aikatan asibitin ba ne, su zauna da 'yan'uwansu mata su tambaye su da baki, da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, ba tare da rubuta sunan kowa ba: shin an samu ma'aikaci da dare, an ba da maganin ko an ce a je a saya, nawa aka biya a kan abin da aka ce kyauta ne, an yi magana da mutunci? Kuma kada a tsaya a ƙofar asibiti. Matar da ta haihu a gida bayan ta taɓa zuwa awo, ita ce ke riƙe da amsar da muka fi bukata, sai an shiga gidanta da izinin maigida da sanin mai unguwa za a ji ta.

Ma'aikatan ma suna da abin faɗa, kuma a ganina an fi tauye su a wannan fage. Yarinyar da ta gama Kwalejin Fasahar Lafiya ta Gwadabawa aka tura ta ƙauye ta san ranar da firjin rigakafi ya mutu, ta san watan da maganin zazzaɓi ya ƙare, ta san yadda ake karɓar haihuwa da fitilar waya. Wanda ke aiki a yankunan Isa da Sabon Birni ya san dalilin da ke sa a rufe asibiti kafin la'asar. Amma idan hanyar kai kuka guda ce, ta hannun shugaban da zai iya sa a yi musu canjin wurin aiki, kowa zai ce lafiya lau. A ba su lambar waya da ke kaiwa kai tsaye ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, tare da umarni a rubuce cewa ba za a hukunta wanda ya faɗi gaskiya ba.

Wannan ba ya bukatar sabuwar hukuma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma tsarin asusun ya tanadi kwamitocin ci gaban mazaɓa da za su sa ido a kan yadda ake kashe kuɗin. A farfaɗo da waɗannan kwamitoci, a saka mata a cikinsu da gaske, su riƙa zama duk wata uku tare da hakimi da limami, a karanta koke-koken da aka tattara a bainar jama'a.

Abin da zai sa mutane su ci gaba da magana shi ne su ga amsa. Duk abin da aka ji a mazaɓa, a mayar wa mutanenta da bayani: an gyara rijiyar burtsatse, ungozomar asibiti tana tafe wata mai zuwa, wannan kuwa babu kuɗinsa bana. Gidan Rediyon Rima zai iya ware lokaci da Kwamishinan Lafiya zai riƙa bayyana haka, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ina roƙon a fara gwada tsarin a mazaɓu kaɗan daga kowace shiyya ta jiha kafin damina mai zuwa, sannan a kawo rahoton a teburinka ka karanta da kanka.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Daga wani ɗan jiha mazaunin birnin Sakkwato